Gidanmu Mai Taya Shida

Ran da aka ƙara mana kuɗin haya a Gangare
Tanimu bai ce uffan ba.
Ya fita da sassafe, ya dawo da magariba
da tsohuwar kosta mai tari kamar ta shekara tana zuƙar taba.
Ya ce, "Hansatu, ga gida. Wannan ba mai ƙwanƙwasa mana ƙofa ƙarshen wata."

Muka cire kujeru, muka bar biyar.
Katifa a baya, risho a bayan direba,
labulen aurena na yanka shi shida saboda tagogi.
Nafi'u ya rubuta da alli a jikin ƙofa: A yi sallama.

Daren farko a bakin ruwan Lamingo
ƙanƙara ta sauko kamar ana jifan rufi da tsakuwa.
Yanzu na san ramukan rufin nan kamar 'ya'yan cikina:
na saman filo, na saman buhun garin masara,
da ɗan munafukin da ke jira sai barci ya yi daɗi
ya ɗiga maka a kunne.
Tukunya biyu da kwanon sha suka kwana aiki.
Da safe Tanimu ya hau da kwalta da tsohon zanena,
ya liƙe uku,
ya taka ya huda na huɗu.

Mun bar Gangare, ga mu kullum muna neman gangare,
don baturi ba ya shiri da sanyin Jos.
Ni da Nafi'u da Mansura mu kafa kafaɗa,
shi yana ciki yana "Saura kaɗan! Saura kaɗan!"
Wata Litinin ta kama da wuri, ta zabura,
igiyar shanya ɗaure a madubi,
kayan makarantar yara na ɗaga wa mutane hannu
har kwanar British.
Wandon Nafi'u bai dawo ba.

Ba na dafa miyar kuka sai an sa dutse a taya.
Na koyi wannan a hawan Gada Biyu,
inda tukunya ta taso daga gaba
ta je ta gaida katifa.

Pam na Farin Gada ya daina tambayar lafiyarmu,
sai ya ce, "Yau kuma ina ke mata ciwo?"
Fambel, kuloci, salansar da muka ɗaure da waya.
Ran da lagireto ta yi yoyo a hanyar Bukuru
ƙwan da na ɓoye wa Auta aka fasa mata,
ta sha, ta yi shiru, ta kai mu.
Auta ya kwana da kunu.

A makaranta an ce Mansura ta rubuta adireshi.
Ta rubuta lambar mota.
Malama ta zagaye da jan biro, ta sa alamar tambaya.
Na daɗe ina kallon takardar.
Ban ga abin gyarawa ba.

Ba zan ce ina son ta ba.
Ina kewar bangon da zan jingina bai motsa ba,
da maƙwabciyar da zan ara wa turmi
in san gobe zan same ta a nan.
Zogalen da na shuka a bokitin fenti
ya ga Bukuru, ya ga Rayfield, ya ga Naraguta,
har yau bai wuce gwiwata ba.

Yanzu ma dare ne, ana yayyafi.
Yara sun yi barci kai da ƙafa.
Na fi ganin ƙafafun mijina fiye da fuskarsa,
ga su can sun leƙo daga ƙarƙashin gida,
tocila a bakinsa, yana magana ba a ji.
Na gane dai. Sifana mai lamba goma sha uku.
Na miƙa masa,
na janye shayinsa daga inda baƙin mai ke ɗiga.